Baho Mai Faci

Malama ta ɗaga kwalbar sama ta girgiza ta, 'yan aji suka miƙo wuya. Ruwan teku ne ta ɗebo da safe a hanyarta ta zuwa makaranta. A ido dai tas yake, amma da ta kara shi a hasken taga sai ga ɓarɓashin roba yana ta juyawa a ciki, ja da fari da shuɗi.

"Kun gani ko? Wataƙila wannan murfin gora ne da aka yar tun kafin a haife ku. Teku ya tauna ya tauna, ya kasa haɗiyewa. Kifi ya ci, mu kuma mu ci kifi."

Wani dogon yaro a layin baya ya dafe ciki. "Wayyo Malama, ashe murfin gora na ci jiya da rana!"

Aji ya ɗauki dariya. Ita ma ta murmusa, ta juya za ta rubuta a allo, sai wayarta ta hau ruri a cikin jaka. Ba ta ɗaukar waya a aji, kowa ya san wannan. Amma da ta leƙa ta ga Baba ne, sai ta ɗauka, don mahaifin nata ba mutumin waya ba ne. Ta fita baranda.

Ko sallama bai yi ba. "Ke, ina bahon?"

"Wane baho, Baba?"

"Baho nawa ne a gidan nan? Na fito na tarar da wani abu kore sharr a ƙarƙashin famfo, sai ƙyalli yake yi. Ina na uwarku?"

Muryarsa ce ta tayar mata da hankali. Ba faɗa a cikinta, rawa kawai take yi. Ta ce masa ya zauna, yanzu za ta bincika. Ya kashe wayar.

Duk wanda bai san gidan ba zai ce tsufa ne kawai, dattijo yana tayar da jijiyar wuya a kan tsohon baho. To amma tun da Inna ta rasu bara, Baba bai sake taka ƙofar gida ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gyaran injin jiragen ruwa, wanda ba ya iya zama wuri guda, shi ne ya koma daga gado sai kujera. Abinci sai an yi ta lallashi. Abu ɗaya ya rage da yake yi da kansa: kullum da yamma zai ja bahon Inna zuwa gaban kujerarsa, ya zuba ruwan ɗumi da gishiri, ya tsoma ƙafafunsa masu kumburi, ya yi ta shafa bakin bahon yana magana ƙasa-ƙasa. Malama ta sha tsayawa bayan labule tana jinsa. Labarin gida yake ba matarsa.

Ta koma aji ta bi fuskoki da kallo. Ba ta sha wahalar nema ba. Can gefen taga 'yarta ta cusa kai cikin littafi, ita da ko a gida ba a raba ta da musu, har aka laƙaba mata Lauya.

"Lauya, fito."

Suna fita yarinyar ta fara kare kanta tun kafin a tambaye ta. "Mama, au, Malama, ke fa kika ce. Kika ce duk wata tsohuwar roba da ke gidajenmu mu kawo, kada mu bar ko murfi. Kuma ba haka kawai na ɗauke ba, sai da na sayo wa Kaka sabo. Wancan duk faci ne, ko baƙi suka zo kunya nake ji."

 Gaskiyar yarinyar ce, ita ta faɗa, da bakinta, har da buga tebur. Aikin ajinta ne na wannan zangon a darasin zane da ƙira: a tattaro robar gida da ta bakin teku, a niƙa a ɗakin aiki na makaranta, a narkar, a zuba benci don tsakar makaranta. Wata guda tana cika musu kunne da cewa mai ƙira na kirki tun kafin ya zana abu yake tunanin inda abin zai ƙare.

"Wuce mu je ɗakin aiki," ta ce. "Da sauri."

Tun daga nesa suke jin injin niƙa yana gurnani. Malama ta tattare zaninta ta sa gudu, abin da rabonta da yi har ta manta. A ciki, mai kula da ɗakin, wanda yara ke kira Injiniya, yana tura guntayen bokiti cikin bakin injin, ɓarɓashi yana zubowa cikin buhu. Ta yi ta ɗaga masa hannu har ya kashe.

"Injiniya, wani shuɗin baho, tsoho, mai faci kala-kala. Don Allah kada ka ce min ka niƙa."

Ya zare abin toshe kunne ya yi dariya. "Wannan mai kama da rigar mahaukaci? Haba Malama, ai ko da wasa ba zan sa shi a injina ba."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta dafa bango. "Alhamdu lillahi. Ina yake?"

"Ai kin san kowace roba da irin zafin da take narkewa. Shi kuwa wannan, roba iri nawa aka liƙa masa? Wata ta narke, wata ta ƙone, bencin ya fito duk rami. Sai na jefa shi cikin tarin da ba su da amfani." Ya sosa ƙeya, don ya fara ganin yadda fuskarta ta sauya. "Motar shara kuma ta zo ɗazu ta kwashe."

Lauya ta ɗora hannu a ka.  Malama kuwa ta san inda motar shara take juyewa, ita da ta kai yaran nan wurin da kanta don su gani da idonsu. Juji ne a ƙarshen gari, bayansa ya gangara har cikin ruwa. Duk ranar da aka yi ruwan sama, teku yakan yagi rabonsa ya tafi da shi. Ta kalli taga. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Ta roƙi wani abokin aikinta ya riƙe mata aji, ta ja hannun Lauya suka tari bas.

Bas ɗin ya bi titin bakin teku yana tsayawa yana tashi. Malama ta jingina kai da gilashi tana kallon gaɓa. Leda ce da gorori da silifa wari-wari, igiyar ruwa ta kawo su ta jera, ta koma ta ƙaro wasu. Ta yi tsaki.

"Kin ga wurin can da kwale-kwale ya kife?" ta ce da Lauya. "Nan muke wasa ni da Yaya. Yashi ne fari fat, sai bawon kaguwa. Idan ruwa ya kawo gorar roba guda daga jiragen da ke wucewa, ranar an yi sa'a ke nan. Dambe muke yi a kanta. Wata rana Yaya ya fasa min leɓe a kan wata gora mai jan murfi. Inna ta ƙwace, ta wanke, ta zuba man girki a ciki. Har na shiga sakandare gorar nan tana nan a kan kantar ɗakin girki."

"A kan gora kuka yi dambe?" in ji Lauya. "Gorar da ake takawa?"

"Ita fa."

Sai yarinyar ta ce a hankali, "Mama, wai mene ne a jikin bahon nan? Ni dai na san tun da na buɗe ido nake ganinsa."

Malama ta ji kunya ta kama ta. Ta koya wa 'ya'yan mutane tarihin roba tun daga rijiyar mai har cikin cikin kifi, amma ba ta taɓa zaunar da 'yarta ta ba ta labarin bahon da ke ƙarƙashin famfonsu ba.

"Shi ne abu na farko da Baba ya saya wa Inna bayan aurensu," ta ce. "A lokacin duk layinmu ba mai bahon roba, sai na ƙarfe mai tsatsa. Maƙwabta har aro suke zuwa. A ciki aka yi wa Yaya wanka, aka yi min, aka yi wa ƙannena. Ke ma da aka haife ki, a ciki Inna ta tsoma ki kina tsala ihu. Duk sanda ya tsage, sai Baba ya sa tsohuwar wuƙarsa a wuta har ta yi ja, ya yanko roba daga wani abin da ya mutu a gidan, ya narkar ya shafe wurin. Gidan duk ya ɗauki wari, Inna tana tari tana yi masa mita, shi kuma yana cewa ta matsa ta ba gwani wuri."

Ta fara ƙirgawa a yatsu ba tare da ta sani ba. "Jan facin nan na gindi, kofina ne na firamare. Rawayan, jarkar da Yaya ke ɗebo ruwa da ita. Akwai wani baƙi a gefe, silifar Inna ce da ta tsinke ranar da ta bi mu da gudu za ta dake mu." Dariya ta kubce mata, sai kuma idonta ya ciko. "Na gefen hagu shi ne na ƙarshe. Inna tana kwance a asibiti Baba ya yi shi. Bai kama sosai ba."

Lauya ba ta yi musu ba. Karon farko ke nan a rayuwarta, in ji uwarta daga baya.

Warin juji ne ya tarbe su tun kafin bas ya tsaya. Tudu ne guda na shara, hayaƙi na tashi nan da can, fararen tsuntsaye na shawagi a kai. Mutane sun duƙufa da buhuna da ƙugiyoyin ƙarfe suna tsince gorori. Suka sami direban motar shara yana wanke hannu a gindin tayarsa. Da Malama ta faɗa masa abin da ya kawo su, ya dube ta sama da ƙasa, ya dubi takalminta mai tsini.

"Hajiya, baho? A nan?" Ya nuna tudun da haɓa. "To, Allah ya ba da sa'a. Can gefen ruwa na juye na makarantarku."

Suka gangara. Takalmin Malama ya nutse, ta zare shi ta riƙe a hannu, ta sake sawa da ta ga fasassun kwalabe. Sun gane tarin nasu, ga yagaggun takardun jarrabawa, ga karyayyun kujeru. Suka yi ta tonawa da sanda. Lauya ta cire ɗankwalinta ta ɗaure hanci, ta shiga tonawa da hannu, yarinyar da ko wanke-wanke sai an yi shari'a da ita. Babu baho. A ƙasa da su ruwa yana ta lasar gindin jujin, duk lasa sai ya tafi da leda. Iska ta taso, ɗigon farko ya faɗo a hannun Malama.

Tana tunanin da wane baki za ta faɗa wa Baba cewa bahon Inna ya bi teku, sai Lauya ta ja hannunta.

"Mama. Dubi can."

Can gefe, inda masu tsince-tsince suka kakkafa rumfunan kwano da buhu, wata mata ce durƙushe a bakin rumfarta. A gabanta shuɗin baho ne, an wanke shi fes har jan facin yana ɗaukar ido. A cikinsa jariri ne, ɗan mitsitsi, yana ta harba ƙafa yana fantsama ruwa. Matar ta tallafe ƙeyarsa da hannu ɗaya, ta jingina shi daidai wurin da bakin bahon ya siɗe ya yi santsi, ɗayan hannun kuma tana zuba masa ruwa tana yi masa surutai.

Malama ta tsaya cak. Haka Inna take yi. Daidai wurin nan take jingina kan jariri.

Suka ƙarasa suka yi sallama. Matar ta amsa da fara'a, ta ce su shigo daga cikin rumfa kada ruwa ya taɓa su. Yarinya ce ma, ba za ta girmi Lauya da yawa ba.

"Barka da arziki," in ji Malama. "Namiji ne?"

"Namiji ne, Hajiya. Ga shi nan, sai ci sai kuka." Ta ga inda idon Malama yake, ta yi dariya. "Bahon kike kallo? Yau Allah ya kawo min shi. Da a cikin yankakkiyar jarka nake masa wanka, kin ga yadda bakinta ya karce masa cinya." Ta ɗaga ƙafar jaririn ta nuna wani jan layi. "Sababbin nan kullum ina tsintarsu, amma duk a fashe. Wannan kuwa ko hawa kansa kika yi ba abin da zai same shi. Ɗan tsiyaya kawai yake ta gefen nan, shi ma ba sosai ba."

"Na kakana ne," Lauya ta faɗa da sauri. "Kuskure aka yi aka zubar. Tun ɗazu shi muke nema."

Fara'ar matar ta ɗauke, amma ko gardama ba ta yi ba. "Ayya, ku yi haƙuri, wallahi ban sani ba. Bari in ɗauraye muku." Ta ciro jaririn daga ruwan. Shi kuwa da ya ji iska ta buge shi, ya ƙanƙame hannu ya tsala ihu. Ta rungume shi a ƙirji, ta kai ɗayan hannun za ta tuntsurar da ruwan.

Malama ta dubi bahon. Ga kofinta na firamare, ga jarkar Yaya, ga silifar Inna. Ta tuna Baba zaune shi kaɗai yana jiran ta. Sannan ta dubi yankakkiyar jarkar da ke jingine a jikin rumfa, bakinta zaƙo-zaƙo. Hannunta har ya miƙa, ta janye shi.

"Mayar da shi ki ƙarasa masa wankan," ta ce. "Bar shi a wurinki."

"Mama!" in ji Lauya. "Kaka fa?"

"Na ce a bar shi."

Ita kanta ba ta san ko daidai ta yi ba. A bas ɗin komawa ruwa ya tsuge. Sau biyu Malama ta yunƙura za ta ce wa direba ya tsaya su koma, sau biyu ta fasa. Tsoro take ji sosai. Idan Baba ya daina ko wannan ɗan zaman na yamma, me ya rage masa?

Sun iso gida ruwan ya ɗauke, rana ta sake leƙowa. Baba yana kan kujerarsa, ƙafafunsa a bushe a kan siminti. Sabon koren bahon yana can ƙarƙashin famfo inda Lauya ta ajiye shi, ko takardar da aka liƙa masa ba a ɓare ba. Ya dubi hannunsu, ya ga babu komai, ya kawar da kai.

Malama ta durƙusa a gabansa ta ba shi labari tun daga farko, ba ta rage komai ba. Ta faɗa masa har da cewa matar ta miƙo musu, ita ce ta ƙi karɓa. Lauya na bakin ƙofa tana sharar hawaye.

 Hannunsa yana ta shafa hannun kujera.

"Wato kin ga bahon uwarki da idonki," ya ce, "kika juyo kika bar shi a juji."

"Eh, Baba."

"Da kyau."

 Malama ta sunkuyar da kai, ta gwammace ya zage ta. Can sai ta ji ya yi gyaran murya.

"Jaririn, ya kai wata nawa?"

"Bai fi biyu ba."

"A ina take jingina kansa?"

"Wurin da ya yi santsin nan."

Ya gyaɗa kai. "Nan ne wurin." Ya dubi ƙafafunsa. "Gefen hagun nan fa? Yana tsiyaya ko?"

"Ta ce kaɗan."

"Kaɗan!" Ya yi tsaki mai ƙarfi, irin wanda rabon da a ji shi a gidan tun Inna na da rai. "Da ruwan ɗumi kaɗan ne. Jariri kuwa ruwa mai zafi ake haɗa masa, sati ba zai yi ba wurin zai buɗe. A ce aikina ne? Lauya! Ke amaryar banza mai sayar da kayan miji, daina kukan nan ki duba ƙarƙashin gado ki ɗauko min akwatin kayan aikina. Ki haɗo da takalmina."

Lauya ta dubi uwarta, uwar ta dube ta. Ta ruga ciki. Takalman sun yi ƙura har sun sauya kala, sai da ta kakkaɓe su a jikin bango. Baba ya buɗe akwatin ya lalubo tsohuwar wuƙar, bakinta baƙi ƙirin saboda wuta. Ya gwada ta a babban yatsa.

"Miƙo min wancan koren."

Ta kawo masa da hannu biyu, fuskarta ta ɗan saki, a zatonta ya haƙura zai karɓi kyautarta. Ya kifa shi a cinya, ya ƙwanƙwasa, ya lanƙwasa bakin ya saki. Sai ya kafa wuƙa ya yanko dogon zare daga bakin bahon, ƙyat.

"Kaka! Sabo ne fa!"

"Na sani. Ai ke ba ki da faci a jikin bahon kakarki, yau kin samu."

Ya sa yankin a aljihu, ya naɗe wuƙar a tsumma. Takalman sun matse shi, ya taka bayansu ya mayar da su silifa. Malama ta miƙa hannu za ta kama shi, ya ture hannun, ya dafa kafaɗar jikarsa ya miƙe. A hankali suka ratsa tsakar gida, yana jan ƙafa. Malama ta riga su ta zare sakata.

A bakin ƙofa ya tsaya. Titi ya jiƙe, yara na tsallake kwatami, hasken yamma ya sa shi runtse ido. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ga sabon shago inda ya bar fili.

"To," ya ce, "ta ina ake hawa bas ɗin yanzu?"